Mai gyara ko mujaddadi? Sharhi a kan kalmar « réformateur » a rubutun tarihin ƙasar Hausa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama domin juya wani shafi na tarihin ƙasar Hausa daga Faransanci zuwa Hausa ya san wuraren da alƙalami yakan cije. Ɗaya daga cikinsu shi ne inda marubuci ya kira Shehu Usmanu ɗan Fodiyo « réformateur », ko ya kira yunƙurinsa « mouvement de réforme ». Mai fassara yakan bi ɗayan hanyoyi biyu: ko ya rubuta « mai gyara », ko ya rubuta « mujaddadi », ya wuce abinsa. A wannan takarda muna so mu nuna cewa kowace hanya tana da nata rami, kuma matsalar ta faro ne tun daga ita kalmar ta Turai, kafin a zo maganar fassara. Kalmar ta yi tafiyar kusan shekara 2000, ta ɗauko kaya iri-iri a hanya. Idan aka aza ta a kan malamin Degel, kayan nan duka a kansa suke sauka, da wanda ya dace da shi da wanda bai dace ba.

Maganar ta wuce gardamar masu ƙamus. A watan Maris na 2025 dokar da ake kira « Charte de la refondation » ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan aikin juya littattafan makaranta zuwa Hausa yana gabanmu, kuma kalmar da mai fassara ya zaɓa yau ita ƴan lakwal za su haddace gobe, a Ƙonni da Tawa, haka kuma a Maraɗi da Tsibiri, inda kakannin yaran suka yi shekaru suna yaƙi da daular da Shehu ya kafa.

Za mu fara da asalin kalmar da yadda ta bazu a harsunan Turai, sannan mu dubi abin da Hausa ta tanada a wannan fage, daga nan mu auna yadda manazarta suka yi amfani da ita. A ƙarshe za mu kawo shawarwarinmu.

2. Asalin kalmar da yaɗuwarta

A harshen Latin, « forma » tana nufin siffa ko ƙira, « formare » kuma ƙerawa ko siffantawa. Ɗafa-goshin « re- » yana nuna komawa ko maimaici, ɗafa-ƙeyar « -tor » kuwa tana nuna mai aikatawa, kamar yadda Hausa take gina « maƙeri » daga « ƙera ». Saboda haka « reformator » a asalinsa shi ne wanda ya mayar da abu siffarsa ta farko. Mawaƙin Rum, Ovide, ya yi amfani da aikatau « reformare » a kan tsohon da aka mayar wa ƙuruciyarsa. Pline Ƙarami, wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya yabi wani abokinsa mai suna Titinius Capito da laƙabin « reformator », domin a ganinsa ya farfaɗo da adabin da tsufa ya fara kamawa. A duka misalan biyu fuskar kalmar baya take kallo: akwai wani kyakkyawan asali da ya lalace, akwai kuma mai komar da shi.

Ga yadda kalmar take a wasu harsunan Turai na yau:

(1) Faransanci: réformateur
(2) Italiyanci: riformatore
(3) Sifaniyanci da Fotugisanci: reformador
(4) Jamusanci, Rashanci, harshen Polan da na Rumaniya: reformator
(5) Ingilishi: reformer
(6) Holanci: hervormer

Wanda ya dubi jerin nan zai ce ai kalma ɗaya ce ta sauya riga daga gari zuwa gari. Amma akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su. Na farko, Holanci bai ari kalmar kai tsaye ba, ya warware ta ne ya sake ɗinka ta da nasa zare: « her- » a madadin « re- », « vormen » a madadin « formare ». Na biyu, Jamusanci ya raba aikin tsakanin kalmomi biyu: « Reformator » ya fi zama na malaman addini na ƙarni na 16, « Reformer » kuwa, wanda aka aro daga Ingilishi, na ƴan siyasa da masu gyaran tsarin mulki ne. Na uku, Faransanci yana da « réformateur » da « réformiste » da « réformé », kuma kowace tana da inda take zuwa. Wato su kansu masu kalmar sun ga ta yi wa baki ɗaya yawa, suka rarraba ta. Mu ne muke karɓar ta a dunƙule.

3. Kayan da kalmar ta ɗauko a hanya

Masanin tarihi Gerhart Ladner, a littafinsa na 1959 a kan tunanin gyara a wurin malaman Kirista na farko, ya nuna yadda kalmar ta shiga addini. A fassarar Linjila ta Latin, wadda aka yi a ƙarshen ƙarni na 4, aikatau ɗin nan ya fito a wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, kuma malaman coci suka fahimce shi a matsayin komawar ɗan Adam ga siffar da aka halicce shi a kanta. Daga mutum ɗaya ma'anar ta koma kan hukumomi: gidan ibada na Cluny da aka kafa a 910, gyaran da ake jingina wa Paparoma Giregori na 7 wanda ya yi mulki daga 1073 zuwa 1085, da taron malaman coci na Constance, daga 1414 zuwa 1418, inda aka nemi a gyara coci daga kai har gaɓoɓi. Wannan shi ne kaya na farko: komawa ga asali, daga cikin gida.

Kaya na biyu ya zo da Martin Luta a 1517, da Jan Kalbin bayansa. Su ma komawa ga asali suka ce suna nema. Kalbin, a wasiƙar da ya buɗe babban littafinsa na 1536 da ita zuwa ga sarkin Faransa, ya ƙaryata masu cewa koyarwarsa sabuwa ce. Sai dai abin ya ƙare da tsagewar coci biyu. Daga nan « la Réforme » da babban baƙi ta zama sunan wannan tsagewa, « réformé » ya zama sunan mabiyanta. Hukumar Faransa ba ta ma yarda ta bar musu sunan haka kawai ba: a takardunta, har da dokar Nantes ta 1598, tana cewa « religion prétendue réformée », wato addinin da ke da'awar an gyara shi. Wannan ƙaramin misali yana da muhimmanci a wurinmu, domin yana nuna cewa tun ƙarni na 16 an gane kalmar hukunci ce: wanda ya yarda ya kira ka mai gyara ya riga ya yarda cewa abin da ka tarar ɓatacce ne.

Kaya na uku ya zo a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da kalmar ta juya fuskarta gaba. Mai gyara ya zama wanda ke kawo sabon tsari domin ci gaba, ta hanyar doka, sannu a hankali, kamar dokar gyaran zaɓe ta Ingila ta 1832. A nan ne aka kafa ta kishiyar juyin juya hali. Rosa Luxemburg ta sa wa littafinta na 1899 suna da wannan tambaya: gyaran zaman jama'a ko juyin juya hali? A bakin ƴan gurguzu « réformiste » ta zama kusan zagi.

Akwai kuma ɗan guntun kaya na huɗu wanda mutanen Yamai suka sani sarai. A Faransancin soja da na ofis, « réformé » shi ne sojan da aka sallama don rashin lafiya, ko motar hukuma da aka cire daga aiki za a yi gwanjonta. Kalmar da ta fara da mayar wa tsoho ƙuruciya ta ƙare a kan tsohuwar mota.

4. Abin da Hausa ta tanada

Hausa ba ta da kalma guda da ta haɗa wannan duka, kuma a ganinmu wannan wadata ce. Ga abin da take da shi:

(7) gyara: ɗinke abin da ya yage, daidaita abin da ya karkace. Ana gyaran mota, gyaran gona, gyaran hali, gyaran aure. Abin yana nan, ba a zubar da shi ba.
(8) jaddada, mujaddadi: daga Larabci, tushen j-d-d, sabuntawa. A Hausar rediyo « jaddada » ta koma nufin nanata magana, amma « mujaddadi » ya tsaya a fagen addini.
(9) raya sunna, kau da bidi'a: abin da mai aikin yake cewa yana yi.
(10) sauyi, canji, kwaskwarima, garambawul, gyaran fuska: kalmomin ƴan jarida a fagen mulki, kowace da nata nauyi.
(11) juyin juya hali: kifar da tsari gaba ɗaya.

Larabci yana da wata kalmar, « islahi », wadda masu ilimi suke fassara « réforme » da ita. Tushenta ya ba Hausa « sulhu » da « salihi » da « maslaha », amma sunan mai aikin, « muslihi », bai zauna a bakin jama'a ba kamar yadda « mujaddadi » ya zauna.

Shi kuwa « mujaddadi » yana da nasa tarihi. Tushensa hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, mai nuna cewa a kan kowace shekara ɗari Allah zai aiko wa al'umma wanda zai sabunta mata addininta. Malamai sun jera sunaye: Umaru ɗan Abdul'aziz a ƙarni na farko, Imamu Shafi'i a na biyu, Imamu Gazali a na biyar. Tunanin ya iso ƙasashenmu tun ƙarshen ƙarni na 15. Shehu Magili, wanda ya zauna a yankin Agadas da Kano da Gao, ya yi maganar mujaddadi a amsoshin da ya ba Askiya Muhammadu. Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505 yana fatan shi ne mujaddadin ƙarninsa, ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha. Ƙarni na 13 na Hijira ya kama a tsakiyar shekarun 1780, daidai lokacin da sunan Shehu yake bazuwa a Gobir da Zamfara, kuma jama'a suna sauraron bayyanar Mahadi. Shehu ya fito fili ya ce shi ba Mahadi ba ne, jama'arsa kuwa suka riƙe shi a matsayin mujaddadin ƙarnin. Saboda haka laƙabin shaida ce ta mabiya, mai haɗe da lissafin ƙarni da jiran ƙarshen zamani. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a cikin « réformateur ».

5. Shehu a ƙarƙashin kalmar

Adalci ya sa mu fara da amfanin da kalmar ta yi. Rubuce-rubucen zamanin mulkin mallaka, na Faransawa da na Ingilishi, sun fi kallon abin da ya faru a 1804 a matsayin yaƙin ƙabila, « conquête peule » ko daular Fulani. Manazartan da suka koma ga littattafan Larabci na su Shehu ne suka karya wannan ra'ayi. A 1961 H. F. C. Smith, wanda daga baya ya zama Abdullahi Smith, ya kira jihadodin ƙarni na 19 juyin juya hali na Musulunci. A 1962 Mervyn Hiskett ya bi salsalar abin da ya kira al'adar gyara tun daga ƙarni na 16. A 1967 Murray Last ya nuna cewa abin da aka kafa a Sakkwato halifanci ne mai tsari da waziri da takardu. Kalmar « réforme » ta taimaka aka dawo da malamai da littattafansu tsakiyar labarin, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Haka kuma tsohuwar ma'anar Latin ta dace da Shehu ƙwarai. An haife shi a 1754 a Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yau, ya tashi a Degel, ya yi karatu wurin malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Sunan babban littafinsa, Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a, ya faɗi manufarsa: raya sunna da kashe wutar bidi'a. A Kitabul Farƙi ya soki jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki da sauran zalunci, yana auna su da ma'aunin shari'a. Wannan komawa ce ga asali, irin wadda Kalbin zai iya ganewa.

Amma mai karatu na yau ba da kunnen ƙarni na 16 yake jin kalmar ba, kuma a nan ne ɓarna take shigowa ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko inuwar Luta ce. Wanda ya ji « réformateur » a fagen addini yakan zaci mutum ne da ya ɓalle daga malaman zamaninsa, ya yi watsi da waliyyai da silsila. Shehu kuwa Bamalike ne, Baƙadire ne, kuma shi da kansa ya ba da labarin wahayin da ya gani wajen 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Daga nan Hiskett ya samo sunan littafinsa na 1973. Babu wani coci da Shehu ya fita daga cikinsa, babu Paparoman da ya yi wa tawaye.

Ƙofa ta biyu ita ce ma'anar ƙarni na 19, ta gyara sannu a hankali ba tare da kifar da mulki ba. Hausawa suna cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shekara talatin na farko na wa'azin Shehu, daga wajen 1774, « gyara kayanka » ne. A taron Idi na Magami, wajen 1788, ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana mai son amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Amma daga hijirar Gudu a watan Fabrairu na 1804, da mubaya'ar da aka yi masa, da yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni, har faɗuwar Alƙalawa a 1808, magana ta zama « sauke mu raba ». Gidajen sarautar Gobir da Katsina da Kano da Zazzau da Daura sun rasa gadajensu. Kalmar « réformateur » tana rufe rabin farko na rayuwar mutumin, ta bar rabi na biyu a waje, ko kuma ta lulluɓe shi da mayafin da bai kai ba.

Idan mai fassara ya gudu daga wannan ya rubuta « mujaddadi », sai ya faɗa ɗaya ramin. Marubucin Faransanci ya yi amfani da kalmar ne a matsayin aji na nazari, mai fassara kuma ya sa masa shaidar imani a baki. Jumlar da ta fito a matsayin bayani ta koma mubaya'a.

6. Yadda abin yake daga Maraɗi da Tsibiri

Wannan batu ya fi tsanani a Nijar fiye da Nijeriya, domin kudancin ƙasarmu ya zama mafakar waɗanda jihadin ya kora. Gidan sarautar Katsina ya sake kafuwa a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa sun kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Waɗannan sarakuna Musulmi suka ɗauki kansu, da limamansu da alƙalansu. Littafin makaranta da ya ce « mai gyara » ya yaƙi sarakunan Hausa, ya yi shiru, ya riga ya yanke hukunci cewa su ne ɓarnar, ba tare da ya kawo hujja ba.

Gardamar kuwa tsohuwa ce, kuma su kansu shugabannin jihadi ba su ɓoye ta ba. Muhammadu Bello ya adana a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, wasiƙun Shehu Laminu na Borno, inda yake cewa saɓon da ake zargin mutanen Borno da shi akwai irinsa a sauran ƙasashen Musulmi, kuma saɓo bai mayar da mutum kafiri. Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu, ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati yadda ya ga son duniya ya shiga cikin jama'a tun ana tsakiyar yaƙi, har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. Idan mutanen da suka yi aikin sun bar mana gardamarsu a rubuce, bai kamata kalma ɗaya ta aro ta shafe ta ba. Ayyukan Djibo Hamani a kan Adar, a 1975, da kan sarautar Abzin, a 1989, da na Yusufu Bala Usman a kan Katsina, a 1981, sun nuna zurfin Musulunci da tsarin mulki a waɗannan ƙasashe kafin 1804. Wanda ya karanta su zai yi wuya ya yarda da hoton duhu da fitila da kalmar take zanawa a ɓoye.

7. Daga « réformateur » zuwa « réformiste »

Rikicin ya ƙaru da aka zo kan ƙarni na 20. A Faransanci « réformisme musulman » ya kafu ne a kan malaman Aljeriya, su Ben Badis da ƙungiyarsu ta 1931, waɗanda Ali Merad ya yi nazarinsu a littafinsa na 1967. Alamarsu ita ce adawa da ɗariƙu da ziyarar kaburbura, da kafa makarantu na zamani. Lansiné Kaba ya bi irin wannan yunƙuri a Bamako da kewayenta a littafinsa na 1974. Da aka kafa Izala a Jos a 1978, a ƙarƙashin Malam Isma'ila Idris da goyon bayan Shehu Abubakar Gumi, sai aka sa ta a wannan aji. Ta shigo Maraɗi a shekarun 1980 ta hannun malamai da matasan alhazai, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna, ta kuma samu fili bayan babban taron ƙasa na 1991, lokacin da ƙungiyar addinin Musulunci da hukuma ta kafa a 1974 ta daina zama ita kaɗai a fage.

To, ga inda gizo yake saƙa. John Paden, a littafinsa na 1973 a kan Kano, ya yi amfani da wannan kalma ɗaya a kan Tijjaniyyar Shehu Ibrahim Inyas da Ƙadiriyyar Malam Nasiru Kabara. Roman Loimeier, a 1997, ya haɗa su da Izala a ƙarƙashin inuwar gyara. Ke nan Shehu mai gyara ne, ƴan ɗariƙa masu gyara ne, masu sukar ɗariƙa su ma masu gyara ne. Kalmar da ta hau kan mai ƙara da wanda ake ƙara ba ta raba gardama. Mafi muni, tana iya shiga gardamar ba da sanin marubuci ba. Ƴan Izala da ƴan ɗariƙa kowa yana cewa shi ne magajin Shehu, waɗancan suna nuna littafinsa na kashe bidi'a, waɗannan suna nuna wuridinsa. Marubucin da ya ja layi ɗaya daga « réformateur » na 1804 zuwa « réformiste » na 1978 ya raba gado alhali ba a naɗa shi alƙali ba. Jama'a kuwa ba su rikice ba: a Yamai da Maraɗi suna cewa ƴan Izala, ƴan ɗariƙa, Ahlus Sunna, kowa da sunansa.

8. Gyaran hukuma

Saura ma'anar da ɗalibin Yamai ya fi saurin ji. Tun shekarun 1980 « réformes » a kunnen ɗan Nijar tana tafe da Bankin Duniya da tsuke bakin aljihu. A ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito suna adawa da matakan da aka shirya wa fannin ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duka an gabatar da su da sunan gyara. Bugu da ƙari, siyasar ƙasar nan ta saba da ɗafa-goshin « re- »: « réconciliation » a 1999, « restauration » a 2010, « renaissance » daga 2011, « refondation » a 2025. Kowace tana alkawarin komawa ga wani asali ko sake ginawa. Hausar rediyo ta fi Faransanci tsantseni a nan, domin mai fassara dole ya zaɓa tsakanin « kwaskwarima » da « garambawul » da « sauyi », kuma zaɓin yana gaya wa mai sauraro zurfin abin. Ɗalibin da ya taso da wannan a kunnensa, idan ya karanta cewa Shehu « réformateur » ne, akwai haɗarin ya hango wani minista da fayil a hammata.

9. Kammalawa

Mun ga cewa kalmar ta tashi daga komawa baya ta ƙare da dubin gaba, ta tashi daga gyaran cikin gida ta zama sunan tsagewa, sannan ta zama kishiyar juyin juya hali. Harsunan Turai sun rage mata nauyi ta hanyar rarraba ta. Muna ba da shawara mu ma mu yi haka, da kayan da Hausa ta riga ta mallaka:

(a) A bar « mujaddadi » inda ake ruwaito matsayin da mabiya suka ba Shehu, a kuma faɗi masu ba shi laƙabin. Idan za a juya zuwa Faransanci, a bar kalmar yadda take a yi mata bayani, ko a yi amfani da « rénovateur » tare da ambaton hadisin ƙarni.

(b) Inda marubucin Faransanci ya ce « réformateur » a kan shekarun wa'azi, a rubuta « mai kiran gyara » ko « mai wa'azin gyara ». Wannan yana faɗin abin da mutumin ya nema, bai yanke hukunci a kan abokan gardamarsa ba.

(c) Daga 1804 a kira abu da sunansa: hijira, jihadi, kafa daula.

(d) A ƙarni na 20 a yi amfani da sunayen da ƙungiyoyin suke kiran kansu da waɗanda jama'a suke kiran su, maimakon a tara su a buhu ɗaya.

(e) A fagen mulki a ci gaba da bambanta kwaskwarima da garambawul da sauyi, kada a ƙirƙiro wata kalma guda don kawai ta yi daidai da « réforme » a shafin ƙamus.

Za a iya cewa wannan zai tsawaita jumla, ya hana ƙamus samun kalma a gaban kalma. Haka ne, amma garin neman gira bai kamata a rasa ido ba. Mataki na gaba shi ne abokan aikinmu masu nazarin Fulatanci da Zabarmanci da Tamajak da Barbarci su gwada irin wannan awo a harsunansu, musamman Fulatanci, wanda Shehu da ƴarsa Nana Asma'u suka yi waƙoƙin wa'azi da shi, domin kwamitin da zai tsara kalmomin tarihi na makarantu ya samu abin kwatantawa kafin ya tsayar da magana.